Ɗalibaina sun ce ina da 'yan gaban goshi, ni kuwa ban san na yi ba

Tambaya: Ni malami ne a wata jami'a, ajina ya haura ɗalibai ɗari. A ƙarshen zangon da ya wuce, cikin takardun da ɗalibai ke cikewa ba tare da suna ba don faɗin ra'ayinsu kan kwas, mutum uku sun rubuta kusan abu ɗaya: wai ina da 'yan gaban goshi, su nake kira a aji, su ne kuma ke kwashe makin jinga. Wata ta ce in mace ta ɗaga hannu ba na ganinta. Abin ya tsaya mini a rai, don Allah ya sani ban taɓa nufin fifita kowa ba. In share kawai, ko da abin da ya kamata in yi?

Amsa: Malam, sannu da ƙoƙari. Kada ka share, kada kuma ka yi saurin yanke wa kanka hukunci. Mutum uku cikin ɗari ba su isa hujja ba, amma sun isa a bincika, tun da bakinsu ya zo ɗaya. Sai dai ba a zuciyarka za ka yi binciken ba. Duk sanda ka tambaye ta, amsa ɗaya za ta ba ka, cewa ba ka yi ba, kuma iyakar saninta ke nan. Karkatar da ɗaliban nan ke nufi ba ta jiran niyya. Tana shigowa ne a 'yan daƙiƙun da ido ke zagaya aji yana neman wanda zai amsa tambaya, ko lokacin da biro ke shawagi tsakanin maki 6 da 7 a takarda ta tamanin, dare ya yi, ido ya yi nauyi. Abu uku ke buɗe mata ƙofa: gaggawa, gajiya, da rashin ma'auni a rubuce. Malami mai babban aji kuwa kullum yana fama da ukun nan.

Masana sun gwada wannan sau da yawa, har a kan malaman jami'a. A 2012, Corinne Moss-Racusin da abokan aikinta a Jami'ar Yale sun ba malaman kimiyya 127 a jami'o'in Amurka takardar wani ɗalibi mai neman aikin kula da ɗakin gwaje-gwaje. Takarda ɗaya ce, sai dai wasu sun ga sunan John a kanta, wasu Jennifer. Aka ga John ya fi ƙwarewa, aka fi son ɗaukarsa da horar da shi, aka yanka masa albashin da ya ɗan haura dala 30,000 a shekara, Jennifer kuwa kimanin 26,500. Malamai mata sun karkata kamar yadda maza suka karkata. Ba kuma gefe ɗaya abin ke nufa kullum ba: Victor Lavy, a binciken da ya wallafa a 2008 kan makarantun sakandaren Isra'ila, ya kwatanta makin da malami ya bayar yana sane da mai takarda da makin da aka bayar a ɓoye, sai ya tarar maza ne ake tauyewa. Saboda haka kada ka shiga binciken kanka kana zaton ka riga ka san wanda ka cuta.

Wanda ya fi kama da abin da ake zarginka da shi gwajin John Malouff ne da abokan aikinsa a Ostireliya, a 2013. Sun nuna wa masu maki bidiyon wata ɗaliba tana gabatar da jawabi, wasu suka ga ta yi kyau, wasu suka ga ta yi kame-kame. Daga nan aka ba kowa rubutu iri ɗaya a matsayin nata. Waɗanda suka ga jawabi mai kyau sun fi ba rubutun maki. Haka abin yake a aji. Ɗalibin da ke zama a gaba, mai baki, wanda harshen koyarwa ya zauna masa, idan ka ga sunansa a saman jinga sai ka karanta da kyakkyawan zato: jimlar da ba ta fita ba ka cike masa ma'anarta, domin ka san "ya gane". Wanda ba ka taɓa jin muryarsa ba kuwa, abin da ya rubuta kawai ke gabanka, kuma shi ne aka yi wa adalci. Sau da yawa laifin ba rage wa na baya ba ne, ƙara wa na gaba ne.

To, yaya za ka gane ko kana yi? Fara da takardun sakamakon da ke hannunka. Ɗauko na zango uku, ko biyu in su ke nan. Wa kowane ɗalibi jera maki biyu: na ayyukan da ka duba kana ganin suna, wato jinga, gabatarwa da makin shiga tattaunawa, da na jarrabawar da aka rubuta da lamba kawai. Mayar da kowanne bisa ɗari, ka cire na jarrabawa daga na jinga. Kafin ka kalli sakamakon, rubuta sunayen ɗalibai goma sha biyar da suka fara faɗo maka a rai daga kowane aji. Su ne rukuninka na farko. Sannan ka raba maza da mata, da duk wani rabon da kake jin yana iya tasiri, kamar masu ƙarfi a harshen koyarwa da masu rauni. Abin da kake nema shi ne rukunin da kullum makin jingarsa ke ɗara na jarrabawarsa fiye da sauran. Hattara biyu a nan. Rukunin da bai kai mutum ashirin ba yana iya nuna komai bisa katari. Sannan jinga da jarrabawa ba abu ɗaya suke aunawa ba. Akwai ɗalibin da ke rikicewa a zauren jarrabawa alhali ya iya, akwai wanda wani ke yi masa jinga. Wannan lissafi alama kawai zai ba ka.

Gwajin da ya fi ƙarfi shi ne sake maki. Zaɓi jinga ashirin da ka riga ka duba, goma na sanannunka, goma na waɗanda ba ka sani ba. Ka sa wani ya kwafe su, ya rufe suna da makin da ka bayar da duk sharhinka, ya sa musu lambobi, ya riƙe jerin a wurinsa. Ba abokin aikinka ya duba da ma'auninka, ko ka duba da kanka bayan mako uku ko huɗu, lokacin da ka manta. Bambancin maki biyu ko uku cikin ɗari, wani sama wani ƙasa, ba komai ba ne, haka maki yake a hannun kowa. Amma idan na sanannunka suka sauka gaba ɗaya, na sauran suka tsaya ko suka hau, ka sami amsarka.

Ko binciken ya nuna wani abu ko bai nuna ba, gyara yadda kake maki, domin nan ne abin ke shafar digirin mutum. Rubuta ma'aunin maki kafin ka buɗe takarda ko ɗaya, kuma ya zama mai rabe-rabe: maki nawa ga ainihin hujja, nawa ga misali, nawa ga tsari, nawa ga harshe. Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci. Idan ba ka ware wa harshe kasonsa ba, zai cinye sauran ba ka sani ba. Rubutu mai santsi zai sa hujja mai rauni ta yi kama da mai ƙarfi, kuskuren nahawu kuma ya binne tunani mai kyau. Ka ce harshe maki 10 ne cikin 100, kuma in ka cire su ka gama da shi. Daga nan karanta takardu goma ba tare da ka sa maki ba, don ka ga yadda amsoshin suka zo, ka gyara ma'aunin in akwai amsa mai kyau da ba ka hango ba. Dalilin wannan mataki ya fito a gwajin Rema Hanna da Leigh Linden a Indiya, wanda aka wallafa a 2012: sun liƙa wa takardun jarrabawa bayanan yara na bogi, sai malamai suka ɗan rage wa waɗanda aka nuna a matsayin 'yan ƙasƙantaccen rukuni a tsarin rabon al'ummar Indiya, kuma ragin ya fi fitowa a takardun farko, lokacin da mai maki bai gama sanin jarrabawar ba. In ma'auni bai zauna ba, mutum kan jingina da abin da yake zato game da mai takarda.

Duba tambaya ɗaya a dukkan takardu kafin ka koma ta biyu, kada ka bi takarda ɗaya daga farko har ƙarshe. In ka bi ta ɗaya, amsar farko ce za ta shafa wa sauran launi. Bayan kowace tambaya ka cakuɗa tarin, don kada mutum ɗaya ya zama kullum shi ne na ƙarshe ko kullum yana bin bayan gwanin aji. Wannan ba ƙaramin abu ba ne: masu bincike a Jami'ar Michigan sun duba bayanan maki sama da miliyan 30 a manhajar Canvas, suka ga ɗaliban da sunan danginsu ke farawa da haruffan ƙarshe suna samun maki ƙasa kaɗan da sharhi mai kaushi, saboda manhajar na jero su bisa haruffa, mai maki kuma ya gaji kafin ya iso kansu. Giɓin bai kai maki ɗaya cikin ɗari ba, amma kullum kan mutane ɗaya yake faɗawa. Yi takardu ashirin zuwa ashirin da biyar ka tashi ka huta. In ka dawo, sake duba biyu daga na farkon zaman da ya wuce, ka ga ko hannunka ya yi tauri ko ya yi laushi.

Suna kuma a rufe shi. A sa lambar rajista a bangon baya, ko a naɗe kusurwar da ke da suna a manne, ko ka kunna ɓoye suna in ta manhaja ake miƙa aiki. Inda wannan ke lalacewa sananne ne. Ka haddace lambobin wasu, ko ka san rubutun hannunsu, ko batun da ɗalibi ya zaɓa ya tona shi. Maganin na farko shi ne wani ya sa sababbin lambobi, na biyu a karɓi aiki a buge, na uku kuwa sai mai duba na biyu. Wani kuskuren shi ne a rufe suna har ƙarshe, sharhi ya zama na kowa da kowa. Sa maki a ɓoye, ka kulle shi, sannan ka buɗe suna ka ƙara wa kowa maganar da ta dace da shi.

Akwai wurin da malamai da yawa ke rushe duk wannan a minti goma: makin kan iyaka. Mai 39 da ke neman 40, mai 69 da ke neman 70. A nan ne ake buɗe suna a ce "wannan yaro yana ƙoƙari, a ɗaga shi". To wa ka san yana ƙoƙari? Wanda kake gani. Kafa ƙa'ida tun kafin ka ga sunaye, ko dai duk wanda ya rage masa maki ɗaya a sake duba takardarsa, ko kuma ba a taɓa kowa, sannan ta hau kan kowa. Haka ma ƙarin wa'adin miƙa jinga: rubuta sharuɗɗansa a takardar kwas. In ba haka ba, masu ƙarfin halin zuwa ofis su roƙa ne za su riƙa samu, mai kunya ya sha sifiri a kan uzuri iri ɗaya.

Sai batun aji, inda ɗalibar nan ta ce ba ka ganinta. Ba za ka iya ƙirga wannan da kanka kana koyarwa ba. Zana taswirar kujeru, ka roƙi abokin aiki ya zauna a baya lacca biyu ko uku, ya riƙa sa alama: wa ya ɗaga hannu, wa aka kira, wace irin tambaya aka yi masa, ta tuna abu ko ta tunani, an bi shi da wata tambayar ko an ce "to" an wuce, an katse shi ko an bar shi ya gama. Yawan kira ba shi ne duka ba. Malami na iya kiran maza da mata daidai wa daida, amma tambaya mai nauyi da "me ya sa ka ce haka?" su tafi gefe ɗaya. Kuma kada yawan mata a aji ya ruɗe ka: Sarah Eddy da abokan aikinta sun ƙirga a manyan azuzuwan nazarin halittu a wata jami'ar Amurka a 2014, mata kusan kashi 60 na ɗalibai, amma muryarsu a amsa tambayar malami ba ta kai kashi 40 ba.

Gyara mafi sauƙi shi ne jira. Mary Budd Rowe ta auna tun farkon shekarun 1970 cewa malami kan jira kimanin daƙiƙa ɗaya bayan ya yi tambaya, kuma idan ya kai uku ko fiye, amsoshi kan yi tsawo, masu amsawa su ƙaru. Daƙiƙa ɗaya ta mai saurin baki ce kawai. Ƙirga biyar a zuci, ko ka ce ba za ka kira kowa ba sai ka ga hannu biyar. Ga tambaya mai nauyi, ba su minti ɗaya kowa ya rubuta amsa, minti ɗaya ya gaya wa na kusa da shi, sannan ka zaro suna daga katunan sunayen ɗalibai da ka cakuɗa. Kira ta ƙuri'a ba tare da wannan shiri ba azaba ce ga mai in'ina da mai tsoron taro, don haka a bar wa kowa damar cewa "a wuce ni yau", ka mayar da katinsa cikin tarin. Riƙa sauya inda kake tsayawa, domin ido na da gefen da ya saba faɗawa. Abu ɗaya kuma da za ka kiyaye: kada ka wayi gari kana ta kiran mata a jere don wanke kanka, ko ka juya ga ɗalibi ɗaya ka ce ya faɗi ra'ayin "mutanensu". Aji zai gane, wanda aka kira kuma ya fi kowa jin nauyin abin.

In kana ba da makin shiga tattaunawa daga abin da ka tuna a ƙarshen zango, daina. Wannan maki ne na sanayya tsantsa. Ko dai ka riƙa rubutawa a kowace lacca, ko ka mayar da shi gajeren rubutu da kowa zai miƙa kafin ya fita.

Akwai wata karkatar da ke zuwa da rigar tausayi, kuma mutanen kirki ta fi kamawa. Ɗalibin da a ranka ka ɗauka ba zai yi nisa ba, sai ka rubuta masa "ka yi ƙoƙari" ka wuce, wanda kake ganin zai zama wani abu kuma ka cika masa gefen takarda da jan biro. Na biyun ne ya sami koyarwa. Kent Harber ya nuna irin wannan sassauci a Amurka tun 1998, inda fararen masu duba rubutu suka fi yabon aiki mai rauni idan sun ɗauka baƙar fata ne ya rubuta. Ɗauko jinga goma ka ƙirga layukan sharhinka a kowace. Kowa ya sami aƙalla abu biyu takamaimai da zai gyara, tare da magana a fili cewa ma'aunin kwas ɗin mai tsauri ne kuma kana ganin zai iya kai wa.

Wasiƙar shaida ma wuri ne da ya kamata ka leƙa. Frances Trix da Carolyn Psenka sun nazarci wasiƙu sama da 300 da aka rubuta wa masu neman aikin koyarwa a fannin likitanci, suka ga na mata sun fi gajarta, an fi yabonsu da himma da ƙwazo, maza kuma da bincike da nasarori. In ka gama wasiƙa, sauya sunan da na ɗalibin wani jinsi ka sake karantawa. Jimlar da ta zama bambaraƙwai, gyara ta.

Wataƙila wani ya ce ka je bita kan wannan batu, ko ka yi wani gwaji na intanet mai auna saurin haɗa hotuna da kalmomi don gano karkatar da mutum bai san yana da ita ba. Ba laifi, amma kada ka ɗora buri a kai. Wani babban nazari na 2019 da Patrick Forscher ya jagoranta, wanda ya tattara bincike kusan 500, ya nuna cewa ko an sauya sakamakon irin wannan gwaji, ba lallai hali ya sauya ba. Rufe suna da rubuta ma'auni suna aiki ko da ranar ka tashi a gajiye.

Su ma takardun ra'ayin ɗalibai ba su tsira ba, don haka ka auna su. A wani ƙaramin gwaji a Jami'ar Jihar North Carolina da aka wallafa a 2015, malamai biyu na wani kwas ɗin intanet, mace da namiji, sun yi musayar suna, sai ɗalibai suka fi yabon wanda suka ɗauka namiji ne, ko wane ne a bayan allon. Abin ɗauka a takardun shi ne ƙorafi mai nuna aiki, irin "ba ya kiran na baya", domin ana iya ƙirga shi. Kada ka nemi gano su wane ne ukun nan, ko da rubutun hannu ya ba ka haske, kada kuma ka shiga aji kana kare kanka. A laccar farko ta sabon zango ka faɗa a taƙaice cewa za a duba jinga ba suna, ga ma'aunin maki a rubuce, ga yadda za a riƙa kiran mutane, ga hanyar neman a sake duba takarda. A mako na shida ka raba 'yar takarda ba suna mai tambaya biyu: kana jin ana ba ka damar magana, kuma me ke hana ka?

Idan duk ƙirgen ya fito daidai, maki bai karkata ba, kira bai karkata ba, to duba abin da ke faruwa bayan an tashi. Su wa ke rako ka zuwa ofis, su wa ke jin labarin tallafin karatu ko gurbin taimaka maka a bincike tun kafin a sanar? Ɗalibai na ganin wannan, kuma shi suke kira gaban goshi ko da makinka tsaf yake. Duk wata dama ka sanar da ita ga aji gaba ɗaya a rubuce, da sharuɗɗa da ranar rufewa. Sa lokacin ganawa a ofis sa'o'i biyu tsayayyu a mako, ƙofa a buɗe, ka yarda a zo bibbiyu ko uku-uku, domin akwai ɗalibai, musamman mata, da ba za su shiga ofishin malami su kaɗai ba. A makonni huɗun farko ka gayyaci ajin rukuni-rukuni bisa jerin rajista, mutum takwas minti goma sha biyar, yadda kowa zai taka ofishin sau ɗaya kafin jingar farko ta iso teburinka.